In Lebura Ya Yarda, Alhaki Ya Sauka?

Akwai wata magana da a kan yi a ƙasarmu in lebura ya ji ciwo wurin aiki, ko kuwa ya rasu. A kan ce, "Ai shi ya kawo kansa, ba wanda ya sa masa igiya." Wani kuma ya ƙara da cewa kwana ne ya ƙare. Daga nan sai a yi wa iyalinsa ta'aziyya, mai aikin ya aika da ɗan abin sadaka, gari na wayewa a ɗauki wani a gurbinsa. Wannan magana ita mu ke so mu ɗora bisa ma'auni, mu ga ko tana da nauyin da a ke ba ta. A wurin fasa dutse za mu auna ta, domin sana'o'i kaɗan ne suka tara hatsari iri-iri wuri guda kamar wannan.

Mutanen Dutse ba su bukatar a gaya musu ko mene ne dutse, tun da sunan garinsu ma daga nan ya fito, tsohon garin kuwa, watau Garu, a tsakanin duwatsu ya ke zaune. A zamanin da duwatsun nan garkuwa ne. Amma ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta, tun daga ran nan kuwa dutse ya zama haja. Ofisoshin Gwamnati, da gidajen ma'aikata, da Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2011, da filin jirgin sama da aka buɗe cikin 2014, da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta bi ta Shuwarin, ba ɗaya daga cikinsu da zai tsaya in ba tsakuwa. Kowace tifa ta tsakuwa da ka gani bisa hanya, akwai wanda ya huda dutsen, da wanda ya ɗura masa nakiya, da wanda ya yini bakin injin niƙa. Su ne mutanen da mu ke magana a kansu.

Bari mu fara ba maganar nan haƙƙinta, don ba ƙarya ce tsantsa ba. Baligi mai hankali yana da ikon kansa. In mutum ya hau dabinon gonarsa ya faɗo, ba wanda zai bi da ƙara. In masunci ya shiga kogi da komarsa ruwa ya ci shi, ba a neman diyya wurin masu sayen kifi. Duniya ba ta tafiya sai da masu ɗaukar kasada, wanda kuwa ya ce zai hana kowa aikin da ke da hatsari, yunwa zai kawo wa mutane. Malaman fiƙihu ma sun san da haka. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin mutumin da ya mutu cikin rijiya ko ramin ma'adini, cewa ba a bin kowa diyyarsa. Masu son kuɓuta a nan su kan rufe littafin. Amma hukuncin da sharaɗi ya zo, sharaɗin kuwa shi ne ya kasance ba hannun wani cikin abin da ya faru. Imamu Malik kuma, cikin Muwaɗɗa, ya rarrabe tsakanin wanda ya yi haƙa inda ya halatta gare shi, da wanda ya haƙa rijiya kan hanyar jama'a inda bai halatta ba. Na biyun nan, abin da ya faɗa ciki yana wuyansa.

To, ashe tambayar ta koma ga hannu. Mai hawan dabino shi ya zaɓi itacen, shi ya duba igiyarsa, shi ya ga dama ya hau da safe ko da yamma. Leburan wurin fasa dutse fa? Wani ne ya zaɓi gefen dutsen da za a ci. Wani ya sayo injin huda, ya ga dama ya sayo mai ruwa ko busasshe. Wani ya ƙayyade yawan nakiyar da za a ɗura da sa'ar da za a tashe ta. Abin da lebura ya zaɓa ɗaya ne tak, ya zo ko ya zauna gida, ranar da ba ko tiya guda a rumbu.

An taɓa kai irin wannan gardama gaban alƙalai a Ingila, aka yanke ta cikin 1891. Wani lebura mai suna Smith yana aiki ƙarƙashin 'yan kwangila, kamfanin Baker, suna yanke dutse don hanyar jirgin ƙasa ta wuce. Aikinsa huda dutse. Can bisa akwai wani inji mai ƙugiya da ke ɗaga manyan duwatsu, yana ratsawa da su ta kan masu huda, ba a ko yi musu gargaɗi. Smith ya daɗe yana ganin haka, ya kuma san hatsari ne. Ran nan dutse ya suɓuce ya faɗo masa, ya ji mummunan rauni, ya kai ƙara. Amsar da kamfanin ya bayar ita ce daidai wadda mu ke ji a nan: ya sani, ya gani, bai bar aikin ba, saboda haka ya yarda. Shari'ar ta yi ta hawa har ta kai majalisar da a zamanin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar. Mafi yawan alƙalan suka tsaya kan cewa sanin hatsari daban, yarda da ɗaukarsa daban. Mutumin da ya ci gaba da aiki don kada abincinsa ya yanke bai yafe wa ubangidansa sakaci ba. Aka ba Smith gaskiya.

Shi Smith aƙalla yana ganin dutsen da ke lilo bisa kansa. Akwai hatsarin da ya fi wannan kisa, ba a kuwa ganinsa, a nan ne maganar "ai ya sani" ta ke rushewa gaba ɗaya.

Dutsen ƙasar Dutse irin wanda masana ke kira giranit ne. In ka fasa shi za ka ga waɗansu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi, abin da ke cikinsu shi a ke kira silika. Sa'ad da a ke huda dutse ko niƙa shi, silika ya kan tashi cikin ƙura. Ƙurar da ido ke gani da sauƙi, hanci da maƙogwaro su kan tare mafi yawanta, mutum ya yi kaki ya tofar. Wadda ta fi gari laushi, har ido ba ya ganinta, ita ke wucewa can ƙuryar huhu ta zauna. Ba ta narkewa. Jiki ya yi ta yaƙi da ita yana barin tabo bisa tabo, har huhun da ke da taushi ya ƙandare kamar ƙirgi. Likitoci na kiran ciwon silikosis. Sau da yawa sai ya shekara 10 ko fiye kafin ya nuna kansa. Da fari mutum ya ga in ya ɗauki kaya yana haki, sa'an nan tari, sa'an nan rama, daga baya ko zuwa masallacin unguwa sai ya huta a hanya. Ba shi da magani, ya kan ci gaba da cin huhu ko mutum ya daɗe da barin aikin, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rawani ko tsumman da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura.

Yanzu ka duba. Saurayi ya baro ƙauyensu da rani ya kama aiki, ya yi shekara huɗu, ya tara abin aure ya koma gida da ƙarfinsa. Bayan 'ya'yansa sun fara tasawa tari ya kama shi. Wa zai ce dutse ne? Wani ya ce sanyi, wani ya ce sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe har gona ta tafi. Da wane baki za a ce wannan ya yarda, alhali bai taɓa jin sunan abin da a ke cewa ya yarda da shi ba?

Kada kuma a ce ilmin sabo ne. Tun 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tara likitoci a Johannesburg kan wannan ciwo, cikin 1934 ta sa shi cikin jerin cututtukan da a ke biyan ma'aikaci diyya saboda su. A daidai wannan zamani aka huda wani dutse a jihar West Virginia ta Amurka, wurin da a ke kira Hawk's Nest, don a ratsa da ruwa, aka yi ta huda a bushe saboda sauri, leburori ɗaruruwa suka mutu, mafi yawansu baƙaƙen fata. A Afirka ta Kudu sai cikin 2018 kamfanonin zinariya suka yarda su ware rand biliyan 5 don biyan waɗanda ƙura ta ci huhunsu, bayan da yawa daga cikinsu sun riga sun rasu a ƙauyukansu. Abin takaici, babban rigakafin ba wani abu ba ne mai wuyar samu. Ruwa ne. A huda dutse da ruwa, a fesa shi bakin injin niƙa da kan hanyar da tifofi ke bi, sa'an nan a ba ma'aikaci takunkumin ainihi, a riƙa ɗaukar hoton ƙirjinsa lokaci-lokaci.

In mai wurin ya ce shi bai san ƙura na ɓarna ba, a kai shi gaban injinsa. Kowace tifa, da kowace motar haƙa, tana da matatar iska wadda makanikai ke kira filta. Ba mai wurin da zai yarda a bar ta ta toshe, in lokacinta ya yi sai an sake ta, don ya san ƙura na kashe inji. Bai taɓa barin inji ba mai ya ce in ya ƙone ƙaddara ce. Ga alama ƙaddara ba ta faɗo masa a rai sai an zo kan ƙirjin lebura, wanda ba da kuɗinsa ya sayo shi ba. Mu ba mu musun ƙaddara. Abin da mu ke musu shi ne mutum ya yi hattara da dukiyarsa, sa'an nan ya yi tawakkali da ran ɗan wani.

Dalilin da ya sa doka ta ɗora nauyin inda ta ɗora shi ke nan. A Nijeriya ma'adinan ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, haka Tsarin Mulki na 1999 ya ce, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ita ke tafiyar da wuraren fasa dutse. Mai son buɗe wuri sai ya sami takardar haya daga ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, ta shekara 5, in ta ƙare a sabunta. Sunan da ke kan takardar nan, shi doka ta sani. Wajibi ne a kansa ya riƙe wurin yadda ba zai cuci ma'aikata ba, in an yi hatsarin da ya ci rai ko ya jawo babban rauni ya kai rahoto ga hukuma, akwai kuma sufetocin ma'adinai da ke da ikon shiga su duba. Nakiya tana da tata doka tun 1964, ba a sayenta, ba a ajiye ta, sai da lasin. Dokar ƙwadago ta 1974 ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a irin wannan wuri, wanda bai kai 16 ba kuwa ba a sa shi kan inji.

Amma wadda ta fi kusa da tambayarmu ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya cikin wani asusu da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga aljihunsa, ba a yanka daga ladan lebura ba. In ma'aikaci ya ji ciwo, ko ciwon sana'a ya kama shi, daga nan za a biya shi, ba sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Ɗan aikin yini ma yana ciki, ko da baki aka ɗauke shi. Sa'an nan ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa cewa ya yafe diyyarsa, banza ce, ko ya dangwala mata yatsa. Watau doka ta ƙi karɓar yardar mayunwaci a wannan wuri, don ta san yadda a ke samunta. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Sai dai diyya na bukatar shaida, ciwon ƙura kuwa ba ya zuwa sai kamfani ya daɗe da kwashe injinsa ya koma wata jiha. Don haka duk mai aiki a irin wurin nan, ko mai ɗa ko ƙane a can, ya rubuta sunan kamfanin, da ranar da aka kama aiki, da irin aikin, da ranar da aka bari, ya ajiye takardar cikin adaka tare da ta gona. In an ji ciwo a sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma doka ta ba shi kwana 7 ya sanar da hukumar.

Duk abin da muka faɗa kan lebura ne, wanda ko ba komi ya karɓi lada. Maƙwabta fa? Tsohuwar da bangon ɗakinta ya dare saboda girgizar nakiya ba ta kawo kanta ba. Haka mai noman da ɓarɓashin dutse ya faɗo gonarsa, da yaran da ke zuwa wanka ramin da aka bari ya cika da damina, gefensa a miƙe kamar bango, ba wurin kamawa, da shanun da ke gangarawa sha. Ran 16 ga Janairu, 2024, wani gida ya tashi a unguwar Bodija ta Ibadan, ya rushe gidajen da ke kewaye, mutane suka mutu, Gwamnatin Jihar Oyo ta ce nakiyar masu haƙar ma'adinai ce aka ɓoye a ciki. Cikin maƙwabtan nan ba wanda aka shawarta. Wannan ita ce rijiyar kan hanya da Imamu Malik ya yi magana a kanta.

Saboda irin waɗannan ne ƙa'idojin hukumar kula da muhalli, NESREA, na 2013 suka hana kafa wurin fasa dutse ko tayar da nakiya cikin kilomita 3 daga gidajen mutane, watau kusan mil 2. Dokar 2007 kuma ta ce kafin a fara aiki sai mai haya ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin, in ya gama kuma ya gyara ƙasar da ya ɓata. Mutanen ƙauye suna da ikon su ce a karanta musu yarjejeniyar nan a bainar jama'a, don da sunansu aka yi ta. A gari irin Dutse, inda gida da dutse ke kafaɗa da kafaɗa, kilomita 3 ba ƙaramin abu ba ne. Wani lokaci ma wurin fasa dutsen ne ya riga zuwa, gari ya yi ta girma har ya iske shi. In haka ta faru, wanda ya yanka filayen ya raba yana da nasa kaso na alhaki, ko da ya ke wannan bai ba mai nakiya iznin tashinta kan mutane ba.

Mai wurin yana da tasa hujja, ya kamata a saurare shi. Zai ce ruwa da tanka a ke kawo shi, takunkumi da hular kwano da kuɗi a ke sayensu, in ya yi duk abin da aka ce tsakuwarsa za ta yi tsada, na kusa da shi wanda bai yi ba ya kwashe masu saye, shi ya rufe, leburorinsa su koma zaman kashe wando. Gaskiya ya faɗa. Amma wannan hujja ce ta a yi doka, a kuma bi ta kan kowa. In aka bar abin ga tausayin zuciya, mai tausayi shi zai fara karyewa. Aikin sufeto shi ne ya sa mai imani da marar imani su ɗauki kaya iri ɗaya, sufeton da ya karɓi goro ya juya kuwa, mutumin kirkin nan ya fara cuta kafin lebura. Gwamnati ma, da ya ke ba mai sayen tsakuwa kamarta, tana da sanda a hannu in ta ga dama: kada ta karɓi tsakuwar ɗan kwangilar da bai nuna inda ya sayo ta ba.

Zai kuma ce ya raba takunkumi sun cire saboda zafi, ya raba takalma sun kai kasuwa. Wannan ma ana yi, lebura kuwa yana da nasa laifi in ya yar da abin da aka ba shi, balle in gangancinsa zai shafi na kusa da shi. Sai dai wanda aka miƙa wa takunkumi ba a gaya masa dalili ba, cikin zafin bazara, ba abin mamaki ba ne ya rataye shi a wuya. Mai wurin da ke iya korar lebura don ya makara yana iya hana shi matsawa bakin inji da hanci a buɗe.

Inda maganar ta fi wuya shi ne wurin waɗanda ba su da ubangida. Ban da kamfanoni masu inji, akwai masu fasa dutse da hannu, maza da mata har da yara, su hura wuta bisa dutse har ya tsage, su bi shi da guduma, su tara tsakuwa tuli-tuli suna jiran tifa. Ba takardar haya, ba asusun diyya, ba wanda za a kai ƙara in tsinin dutse ya tsiyaye wa yaro ido. In an kore su an kashe musu tukunya, in an kau da kai an san abin da zai biyo. Zamfara ta nuna mana ƙarshen kau da kai cikin 2010, sa'ad da masu neman zinariya a ƙasashen Anka da Bukkuyum suka riƙa kai dutse cikin gida ana niƙawa, ƙurar da ke ɗauke da gubar dalma ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara wajen 400 suka mutu. Gubar can daban ce da silika, amma hanyar da ta bi ta isa ga yara ɗaya ce. Dokar 2007 ta tanadi a tara irin waɗannan ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyi, a yi musu rajista, a koya musu aiki. Ko tabarau na kare ido, da garwar ruwa ta yayyafi, da hana goyo zama inda a ke fasa, sun rage wani abu.

Su ma akwai mai cin ribar guminsu, sai dai shi ba ya riƙe da takardar haya, ba kuma sufeton da zai zo masa. Shi ne mai saye. Duk wanda ya taɓa zuba kankare a gidansa ya san yadda a ke cinikin. A tsaya gaban tuli, mai ita ta faɗi kuɗi, a ce ya yi yawa, a juya kamar za a tafi wurin ta gaba, ta kira a dawo ta sallama. Yaron da ya yini yana fasa tulin yana tsaye gefe da gudumarsa, gashin idonsa fari fat da ƙura, yana jira a gama ya loda.